Me ya sa taminal (allo da kibod na magana da kwamfuta) ɗin da ake haɗawa a gida a shekarun 1970 ke tsayawa a harafi 32 a layi?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, manyanmu. Tambayata kan na'urar TV Typewriter ce, wadda Don Lancaster ya fitar a mujallar Radio-Electronics ta Satumban 1973. Sahu 16 take nunawa, kowane sahu harafi 32, manyan baƙaƙe kaɗai. Alhali injin Teletype na wancan lokaci yana buga harafi 72 a layi. Tsadar memori ce ta jawo haka, ko akwai wani dalili? Kuma idan mutum ya ninka saurin kiristal ɗin da ke ba ta agogo ya ƙara memori, zai samu 64?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Tsadar memori tana ciki, amma ba ita ce babbar katanga ba. Talabijin ɗin ce. Ka ɗauki biro mu yi lissafi.

Talabijin ta Amurka ta wancan lokaci tana zana layi ɗaya cikin kusan maikurosakan 63.5, kuma ba duka ake gani ba, domin wani ɓangare yana tafiya wajen komawar haske daga dama zuwa hagu. Lancaster ya sa kiristal mai 4,561,920 Hz. Kowane harafi ɗigo 5 ne a faɗi, da ɗigo 1 na tazara, 6 ke nan. Layi ɗaya ya raba shi gurbin harafi 48, ana nuna 32, sauran 16 na gefe ne da bugun daidaitawa. Hoto ɗaya layi 264, sau 60 a sakan. Ka ninka 6 da 48 da 264 da 60, za ka ga lambar kiristal ɗin daidai, babu ragi.

Sigina mafi sauri da zai fita shi ne ɗigo fari, ɗigo baƙi, fari, baƙi, wato rabin saurin kiristal, kimanin 2.28 MHz. Wannan kowace talabijin za ta wuce da shi ta ramin eriya. Idan ka ninka don samun 64, ka koma 4.56 MHz. Tsarin Amurka hoton bai wuce 4.2 MHz ba, kuma a 4.5 MHz akwai tarkon da aka ɗana don hana sauti shiga hoto. Ka kai siginarka bakin tarko ke nan. Sandunan kwance na E da T za su fito da haske, na tsaye su dusashe, H da M da N su zama abu ɗaya.

Bazazzage:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ƙara da cewa 64 ta yiwu, kuma an yi. Sharaɗin shi ne ka tsallake tuna mai zaɓen tasha da sashen IF da ke tace siginar eriya, ka shigar da bidiyo kai tsaye bayan ditekta, a ƙafar taransistan da ke tura hoto, ka kuma cire tarkon sautin daga hanya. Da haka katin VDM-1 na kamfanin Processor Technology, wanda Lee Felsenstein ya tsara, yake ba da 64 a sahu 16. A talabijin mai launi kuwa ko ka yi haka ba za ka ji daɗi ba, saboda ɗigon gilashinta ya yi kauri, ga matatar 3.58 MHz da ke cinye bayanan. Baƙi-da-fari ta fi ta nesa ba kusa ba a wannan aiki.

Sai dai ni ban yarda a kira TV Typewriter ta farko taminal ba. Ba ta da hanyar siriyal ta magana da kwamfuta ta waya, ba ta tura rubutu sama idan shafi ya cika. Abin da ka danna a kibod shi take nunawa. Sunanta ma ya faɗa.

Maman Ilham:
Malam Bazazzage, a yi mata adalci. A 1973 wace kwamfuta ce a gidan mutum da za ta haɗu da ita? Mark-8 ta Jonathan Titus sai Yulin 1974, Altair 8800 sai Janairun 1975. Abin da ta nuna shi ne da kayan kusan dala 120 za ka sa harafi a fuskar talabijin ɗin falonka, a lokacin da Teletype samfurin 33 ke cin dala dubu ko fiye, kuma ADM-3A ta Lear Siegler ko a 1976 dala 995 ce idan kai za ka haɗa da hannunka. Sarkar ƙirge da ke cikinta, da ROM, wato memorin da aka adana zanen haruffa a ciki, da rajistar da ke fitar da ɗigo ɗaya bayan ɗaya, su ne dai a cikin duk waɗanda suka biyo baya. UART guda, wato IC mai aikawa da karɓar haruffa ta siriyal, ya rage a liƙa mata, kuma mutane sun liƙa.

Bazazzage:
Hajiya, ba raina ta nake ba. Matsalar tana cikin irin memorinta, ba rashin UART kaɗai ba. Bari in buɗe.

Babu RAM a ciki. Rajistocin turawa ne, Signetics 2524, kowanne bit 512, guda shida a jere saboda harafi bit 6 ne. Bayanan suna zagayawa ne kamar buhuna a kan bel ɗin injin, ba ka isa ka ɗauko na tsakiya ba sai ya zo gabanka. To amma kowane sahun rubutu sai an karanta shi sau 7, sau ɗaya ga kowane layin ɗigo. Shi ya sa aka ƙara 2518, mai riƙe harafi 32: a ɗebo sahu ɗaya daga babbar ma'adana a zuba masa, shi ya riƙa juya shi har a gama zana sahun, sannan a ɗebo na gaba. Babbar ma'adanar tana kammala zagaye ɗaya a hoto ɗaya.

Sakamakon haka, gurbin da kake son rubutawa sau ɗaya yake wucewa a kowane kashi ɗaya cikin 60 na sakan. Ku dubi Apple I ta 1976, wadda Steve Wozniak ya gina sashen hotonta a kan wannan dabara: 2504 guda bakwai masu bit 1024, shida na harafi ɗaya na alamar wurin rubutu, da 2519 mai riƙe sahu, 40 a sahu 24. Iyakarta harafi 60 a sakan, komai saurin furosesa 6502 da ke bayanta. Kuma kwamfutar ba ta iya karanta abin da ke kan allon ko komawa ta gyara harafi a sama.

Ga kuma wahalar wuta. Waɗannan IC ɗin PMOS ne, suna son wuta mai ɗebewa (negatif) ban da +5, agogonsu fuska biyu ne mai faɗin lilo wanda TTL, wato IC ɗin jerin 74, ba ya iya bayarwa, sai da direba irin DS0025. Kuma caji suke riƙewa a ƴan ƙananan kafasita na ciki, idan agogo ya tsaya na ɗan lokaci rubutun ya zube.

Oga Fanel:
Shi ya sa duk mai son haɗa irinta yau nake cewa ya fara daga ta biyu. TV Typewriter II ta Ed Colle, Fabrairun 1975, wadda SWTPC na San Antonio ya sayar da sunan CT-1024 a kan dala 175. RAM 2102 guda shida, kowanne bit 1024 sau 1, +5 kaɗai, shafi biyu na 32 sau 16. Adireshi kawai za ka ba shi: bit 5 daga mai ƙirga harafi, bit 4 daga mai ƙirga sahu, bit 1 na zaɓen shafi. 2518 ta tashi daga aiki, domin RAM ba ya gajiya da a karanta wuri ɗaya sau bakwai.

Ɗan Koyo:
Oga, to yaya ake rubutu a RAM ɗin alhali sashen hoto yana karanta shi ba tsayawa?

Oga Fanel:
Ana ajiye wurin rubutu a wasu masu ƙirga na daban. Hanya biyu ce. Ko dai ka sa 74157 guda uku su zaɓi tsakanin adireshin hoto da adireshin rubutu, ka juya su a lokacin da haske ke komawa, inda ba a nuna komai. Ko kuma ka sa 7485 su kwatanta adireshi biyun, duk sanda suka zo ɗaya ka saki bugun rubutu. Ta biyun ta fi arha don ita ce kuma ke ba ka alamar wurin rubutu kyauta, amma ta mayar da kai jiran zagaye. Ta farkon tana ba ka dama sau dubu 15 da ɗoriya a sakan.

Tura rubutu sama ma ba a kwashe komai daga wuri zuwa wuri. Ka sa mai ƙirga na bit 4 da 7483 guda ɗaya da zai tara shi a kan lambar sahu. Duk sanda shafi ya cika ka ƙara masa ɗaya, sahun da ke sama ya dawo ƙasa, sai ka share shi da lambar fili, wato 20 a heks (ƙirga mai tushe 16). Wanda ya manta sharewar zai ga tsohon rubutu yana leƙowa a ƙarshen sabon layi.

Maman Ilham:
Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a ROM ɗin haruffa, 2513, gara a faɗe shi tun yanzu. Haruffa 64 ne a ciki, layukan adireshi 6 na harafi da 3 na layin ɗigo, fita 5. ASCII kuwa bit 7 ne, dole a yar da ɗaya. Idan ka yar da na bakwai ka haɗa shida na ƙasa, manyan baƙaƙe da lambobi za su fito daidai, ka ɗauka ka gama. Ranar da kwamfuta ta aiko ƙaramin a, lambarsa 61 a heks, shida na ƙasa su ba da 21, sai ka ga alamar motsin rai. Ƙaramin b ya zama alamar zance. Rubutu duka ya koma shara.

Gyaran ƙofa ɗaya ce ta 7404. Ka yar da bit na shida, ka juya na bakwai ka kai shi layin adireshi na shida. Ƙaramin a zai fito babban A, lambobi ba su canja ba.

Na biyu, lambobin umarni. Duk lambar da bit na shida da na bakwai suke sifili ba ta bugawa ba ce. Ka kama su da ƙofar NOR ɗaya ta 7402 ka hana bugun rubutu. In ba haka ba komawa farkon layi, 0D, za ta bayyana a matsayin M a tsohon haɗin, ko karan ɗori a sabon, a ƙarshen kowane layi.

Wutarta kuma: ta Signetics tana son +5 da -5 da -12. Ta General Instrument, RO-3-2513, +5 kaɗai. A duba tambarin kafin a kunna.

Baba Mai Rediyo:
Tunda an zo kan ROM, ɗana, ga amsar rabin tambayarka ta biyu. Ko talabijin ta yarda da 64, kayan cikin ba lallai su yarda ba. A tsarin 32 kowane harafi yana da maikurosakan 1.3. 2102 na farko yana ɗaukar har maikurosakan 1 kafin ya amsa, masu sauri nanosakan 450. 2513 tana ƙara wajen 500 zuwa 600. Tara su, ka ga da ƙyar ake shiga 1.3 ko da mai saurin. A 64 lokacin ya koma 0.66, babu yadda za a yi.

Maganinsa 74174 tsakanin RAM da ROM. A bugu na farko RAM ya amsa a kama, a na biyu ROM ya amsa a loda wa 74165 ko 74166, a na uku ɗigo su fita. Kowanne ya samu cikakken lokacin harafi nasa. Amma hoton ya makara da gurbi biyu, don haka siginar rufe gefe ma sai ka jinkirta ta da 7474 guda. Alamar wanda bai yi ba a bayyane take: tarkace a gurbin farko na hagu, haruffan ƙarshe na dama kuma sun yanke.

Damagaram 6502:
Gaisuwa ga kowa. Duk lissafin nan na ƙasar 60 Hz ne. Mu nan Nijar da ku Najeriya layi 625 ne da 50 Hz. Bambancin SECAM namu da PAL naku a launi yake da tazarar sauti, ga hoto baƙi-da-fari da aka shigar ta ramin bidiyo duk ɗaya ne: layi maikurosakan 64, wato 15,625 Hz, hoto layi 312 idan ba a saƙa ba.

Wanda ya kwafi zanen 1973 yadda yake ya kai wa talabijin ɗinmu, wata za ta kama idan an murɗa makullin tsaye, hoton ya gajarce. Amma 60 na hoto da 50 na wutar gida za su riƙa karo sau 10 a sakan, rubutun yana rawa har ido ya yi ciwo. A sake lissafi kawai. Kiristal 6 MHz, raba 6 ya ba da 1 MHz, gurbi 64 a layi ya ba da 15,625 daidai, layi 312 ya ba da 50.08 Hz. Kuma 312 sahu 26 ne na layi 12, 7492 ɗaya da 7493 biyu sun isa.

Bazazzage:
Wannan 0.08 ɗin ma ana ganinta. Idan kafasitan tace wuta na talabijin ya tsufa, wata inuwa za ta riƙa hawa allo a hankali, zagaye ɗaya cikin kusan sakan 12, tana lanƙwasa gefen rubutu. A kan janareta abin ya fi muni tunda saurinsa ba ya zama wuri ɗaya. Wasu masu zane na da sun ɗaure agogon hoto da wutar gida ta hanyar PLL, da'irar da ke sa agogo ya bi wani, don inuwar ta tsaya cak. A wurin da wuta ke yawo ban ba da wannan shawara ba, hoton gaba ɗaya zai riƙa bin janaretan. A canja kafasitan, a nisanta taransfoma daga wuyan tub, a bar kiristal ya yi mulki.

Ɗan Koyo:
Na gode. To haɗa hoto da bugun daidaitawa zuwa waya ɗaya fa? Zanuka da yawa kowanne da rasistocinsa.

Baba Mai Rediyo:
Abin da ake nema ɗaya ne: volt 1 daga ƙasa zuwa sama a kan om 75. Bugun daidaitawa 0, baƙi 0.3, fari 1. Idan ƙofofinka 74HC ne masu kai wa 5 cikakke, sa om 1,000 daga siginar daidaitawa da om 470 daga siginar ɗigo, su haɗu a wayar fita. Za ka samu 0.3 da kusan 0.95. Idan tsohon TTL ne, samansa wajen 3.5 ne, komai zai ragu da kusan kashi uku cikin goma, hoto ya yi duhu, wata talabijin ta ƙi kamawa. Nan sai ka rage rasistocin ko ka bi da taransista ɗaya, 2N3904 ko BC547, fita ta emita.

Bugun kwance maikurosakan 4.7, sannan a bar wajen 6 babu komai kafin a fara, kuma gara a ƙara, domin talabijin ta gida tana tura gefen hoto bayan firam. Cikin 52 da ake da su kada rubutu ya wuce 40 zuwa 44. Bugun tsaye layi uku. Kada ka haɗa su da OR kawai, domin a cikin layi ukun nan bugun kwance ya ɓace, osiletan talabijin ya ɗan zame, sai ka ga sahun farko ya karkace kamar tuta. Haɗa su da 7486, bugun kwance zai ci gaba a juye a cikin na tsaye, karkacewar ta tafi.

Yanzu maganar da ta fi duk wannan. Talabijin da yawa na wancan zamani ba su da taransfoma, ƙarfen jikinsu a haɗe yake da wutar gida kai tsaye ko ta dayod. Ta eriya babu laifi don akwai kariya. Ranar da ka jawo wayar bidiyo daga ciki, ka kawo wutar gida kan fanel ɗinka da kibod ɗinka da hannunka. Mita a tsakanin filogi da ƙarfen ba kullum take nunawa ba idan akwai dayod a hanya. A nemi ƙaramar baƙi-da-fari mai taransfoma, irin wadda ke aiki da batirin mota na 12, ita ce amintacciya. Ko ita ma tub ɗinta yana riƙe volt dubu goma ko fiye bayan an kashe, a sauke shi kafin a sa hannu.

Oga Fanel:
Wannan haɗari ne ya sa modileta, mai mayar da bidiyo siginar eriya, ta yi kasuwa, tasha ta 3 ko ta 4 a Amurka, UHF 36 a Ingila da akwatin Astec UM1233. Dokar hukumar FCC kan abin da ke watsa sigina ta sa Apple II ta fito babu modileta a ciki, wani kamfani daban, M&R, ya riƙa sayar da Sup'R'Mod. Yau ramin AV ya raba gardama. Illa dai wasu talabijin na LCD suna ƙin hoton da ba a saƙa ba ko wanda ya kauce kaɗan. 15,840 Hz ta Lancaster ta haura ƙa'idar 15,734 da kusan kashi 0.7 cikin ɗari. Mai tub ba ta damu ba, LCD tana iya cewa babu sigina.

Maman Ilham:
Mu koma kan abin da Malam Bazazzage ya ce ya rasa, wato siriyal. UART na lokacin AY-5-1013 ne, +5 da -12, daga baya AY-3-1015 mai +5 kaɗai. Agogonsa ninki 16 na saurin layi: 1,760 Hz don baud 110 (bit 110 a sakan), 4,800 Hz don 300. Mutane da yawa sun yi shi da 555 da rasista mai murɗawa. Yana aiki da safe, da rana akwati ya yi zafi ya fara kuskure. Dalili: UART yana duban tsakiyar kowane bit yana ƙirgawa daga bit na farawa, kafin ya kai na ƙarshe kuskuren ya taru kusan sau goma. Kashi 5 cikin ɗari tsakanin ɓangarori biyu ya isa ya fitar da shi daga bit ɗin. A tsaya ƙasa da kashi 2, ko a sa MC14411 da kiristal 1.8432 MHz a huta.

Saitin Teletype bit biyu ne na tsayawa, 11 ke nan a harafi, shi ya ba da harafi 10 a sakan. Kuma ita madaukin 20 mA take amfani da shi, ba RS-232 ba. A madauki ɓangare ɗaya ne kawai ke ba da wuta. Idan duka biyun suka bayar ko duka suka jira, shiru za ka ji. 4N25 a tsakani ya raba su lafiya. Ga RS-232 kuwa 1488 da 1489, kuma a tuna 1 shi ne mai ɗebewa.

Kibod: AY-5-2376 ko makamancinsa. Idan harafi yana fitowa biyu-biyu, makullin ne ke tsalle na milisakan 5 zuwa 10. Idan harafin da ya gabata ne ke fitowa maimakon wanda ka danna, ka kama bugun sanarwa a gefen da ba shi ba, juya shi.

Bazazzage:
To kun ga duk wannan wahala ta UART da baud ita ce VDM-1 ta kawar. Memorin allo, bayit 1024, yana zaune a cikin adireshin kwamfutar kanta, a CC00. Ka rubuta bayit a can, harafi ya bayyana nan take, ka kuma iya karanta shi. A wurina nan ne aka yi tsallen gaske, ba a 1973 ba.

Damagaram 6502:
Amma da wannan ma'aunin naka, Malam, VDM-1 ma ba taminal ba ce, kati ne a cikin Altair, ba ya magana da wata kwamfuta ta waya. Kuma ya zo da nasa ciwon. Duk sanda furosesa ya taɓa memorin ana tsakiyar zana layi, ya ƙwace adireshi daga sashen hoto, ɗigo na banza su watsu a allo. Ko ka rufe hoton a wannan lokaci ka samu gajerun zane baƙaƙe, ko ka sa furosesa ya jira komawar tsaye, wadda a tsarin layi 264 milisakan 4.5 ce kawai cikin 16.7. 6502 ne ya zo da sauƙi, tunda rabin kowane bugun agogo ba ya taɓa memori. Apple II ta 1977 ta ba sashen hoto wannan rabin, babu karo ko kaɗan.

Akwai kuma hanya ta uku, Lancaster ɗin dai, TVT-6 ta 1977 don ƙaramar kwamfutar KIM-1. An cire masu ƙirga, furosesa ne da kansa ke zagaya adireshi yana ciyar da ROM. IC kaɗan, kuɗi kaɗan, amma yawancin lokacin furosesa ya tafi a zanen allo. ZX80 ta Sinclair a 1980 dabara mai kama da wannan ta bi, shi ya sa allonta ke ƙiftawa duk sanda aka danna makulli.

Oga Fanel:
Daga 1977 zuwa 1978 kuma IC guda ya haɗiye sarkar. Elekterminal ta mujallar Elektor ta yi amfani da SF.F 96364 na Thomson, 64 sau 16. 6845 na Motorola ya shiga katunan IBM PC na 1981 da BBC Micro. Mai son koyo kada ya fara da su, ba zai ga komai ba. Ya yi da 74161 ya bi kowace ƙafa da osiloskop. Kuma ya sa kafasita maikurofarad 0.1 a gindin kowane IC. Fanel mai TTL talatin zuwa arba'in yana iya jan kusan amfiya 1, idan volt 9 ke shiga mai daidaita wuta 7805 to wat 4 yake ƙonawa, babu faranti mai sanyaya zai kashe kansa bayan mintuna, ka yi ta neman laifi a inda ba shi.

Ɗan Koyo:
Tambaya ta ƙarshe, Hajiya. 2513 ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Akwai hanyar sa su?

Maman Ilham:
Ba a cikin 2513 ba, an ƙera ta da haruffanta tun daga masana'anta. Ka maye ta da EPROM 2716 na Intel, bayit 2048, +5 kaɗai. A kula, TMS2716 na Texas suna ɗaya ne amma wuta uku yake so. 28C16 ma ya shiga gurbin kuma ba ya buƙatar fitilar gogewa. Haruffa 128 sau layi 16 ya cika 2048 daidai. A0 zuwa A3 daga mai ƙirga layin ɗigo, A4 zuwa A10 daga RAM, wanda yanzu sai ka ƙara masa 2102 na bakwai, ka kuma cire waccan dabarar juya bit.

Ɗigo 5 ya yi wa lanƙwasar ƙ kaɗan, za ta yi kama da k mai datti. Koma kiristal 8 MHz da ɗigo 8 a gurbi, har yanzu maikurosakan 1 ne a harafi da gurbi 64 a layi, lissafin Malam na Damagaram bai canja ba. Siginar ta kai 4 MHz, ramin AV zai ɗauka. Nuna 40, ka bar kowane sahu ya ci bayit 64 a RAM ko da ba a ganin sauran, kamar yadda Nascom 1 ta Ingila ta yi da 48 ɗinta. Sahu 16 sau 64 ya cika 1024, adireshi ya zauna ba tare da tarawa ba.

Bazazzage:
A wace lamba za a ajiye su? Na umarni an riga an tare su a ƙofa.

Maman Ilham:
Yadda Jamusawa suka yi a nasu tsarin na ISO 646, inda Ä da Ö da Ü suka zauna a 5B da 5C da 5D, ƙananansu a 7B da 7C da 7D. Mu huɗu muke buƙata idan an haɗa da ƴ ta rubutun Nijar: Ɓ a 5B, Ɗ a 5C, Ƙ a 5D, Ƴ a 5E, ƙananan a 7B zuwa 7E. Tazarar 20 a heks tsakanin babba da ƙarami ta tsaya kamar sauran baƙaƙe. Zanen Ƙ zai fara a adireshi 5D0, layi 12 na farko ne za a gani, sauran huɗu a cika su da sifili. Cikin abin da aka rasa akwai baka masu kusurwa da alamar 5E, wadda BASIC na Microsoft ke amfani da ita wajen ɗaga lamba. Mai buƙatarsu ya sa 2732 mai ninki biyu, ya zuba haruffan asali a rabi ɗaya na Hausa a ɗayan, ya kai A11 kan makulli a gaban akwati.